Malam Armaya'u da Tsoffin Gida

A Batsari idan ka tambayi Malam Armaya'u, sai an fara tambayarka wanne, domin sun kai uku. Idan ka ce mai aljanu, kowa zai nuna maka lungun da ke bayan masu walda. Shi kuwa bai taɓa cire wa kowa aljani ba, bai ma taɓa ganin ko ɗaya ba. Malamin makaranta ne, ɗan Safana, siriri mai tabarau, wanda ya shekara goma sha shida yana koya wa yara labarin ƙasa. Allah Ya ba shi hannun zane. Idan ya kama alli ya zana ƙaramar hukuma a allo, da rafuka da duwatsu da hanyoyin ƙafa, yaro zai iya tasowa ya nuna inda gonar ubansa take.

Mahaifinsa manomin gyaɗa ne, kuma tun da wuri ya gane fartanya ba ta son yaron. Sauran 'ya'ya su gama kunya uku, Armaya'u yana tsugune a ta farko yana bin layin tururuwa da tsinke. Da tsohon ya gaji da duka sai ya ce a kai shi boko, ko a rage ɓarnar iri. Haka ya yi ta tsallakawa har kwalejin horon malamai a Katsina, inda ya haɗa ɗaki da wani ɗan birni mai tsohuwar kwamfuta. A cikinta ya fara ganin wani wasan Turawa da mutum yake ɗaukar rayuwar wani ya shiga wata duniya, ko jarumi, ko matsafi, ko ɓarawo. Akwai wasu halittu a ciki da suka tsaya masa a rai: dogaye baƙaƙe wuluk, masu farin gashi da tsinin kunne, suna zaune nesa da mutane, kowa yana tsoronsu yana zaginsu. Ɗan birnin ya ce suna da sunan da suke kiran kansu da shi, daban da wanda maƙiya suka laƙaba musu. Ya faɗa masa sunan, Armaya'u ya manta da shi tun kafin a yi hutu.

Da aka turo shi Batsari babu kwamfuta, babu wutar da za ta riƙe ta, sai ya ƙera nasa wasan. Ya sami wani ƙaton littafi mai baƙin bango da aka yar a ofishin hedimasta, ya zana duniyarsa a ciki. Nan kuma lalacin da ya hana shi noma ya sake kama shi: maimakon ya ƙago ƙasa, sai ya ɗauko wadda ya sani, daga Ruma ya yi yamma har cikin dajin Rugu, sunayen ƙauyuka kawai ya sauya. Baƙaƙen halittun nan ya mayar da su aljanu ya zaunar da su a tsakiyar daji, ya ce sunansu Baƙaƙe. Shi yake jan labari, sauran su faɗi abin da za su yi, sannan a watsa ƙuri'a a ga ko sun dace. Da farko ƙwayar wuri huɗu yake watsawa, irin kuɗin da, sai liman ya aiko a gaya masa ana cewa malamin makaranta ya buɗe caca. Ya maye gurbinsu da ɓawon gyaɗa, aka zauna lafiya, don ba wanda ya taɓa jin an yi caca da ɓawo.

Doka ɗaya ce a wasan, kuma a kanta Malam ba ya ɗaga ƙafa. Wanda ya ɗauki maharbi ya zama maharbi. Ba a cewa maharbi ya yi kaza, sai dai na yi kaza. Wanda ya ɗauki jama'a guda, to bakinsa bakinsu ne, sai ya ce mu.

Kowace ranar kasuwa bayan la'asar suke zama a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shagon Lawal tela. Magidanta ne masu 'ya'ya, matansu sun yi mitar har sun haƙura. Mutane suna shiga suna fita, amma wanda bai taɓa fashi ba shi ne Jinjiri. Sunansa na yanka Abubakar Siddiƙ, sai dai uwarsa ta kira shi Jinjiri yana goye, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Bafulatani ne, rugarsu tana gaba da Ruma, wajen bakin daji. Ya yi firamare, ya iya boko daidai karanta takardar magani, sana'arsa kuwa yi wa shanu allura da sayar da maganin dabbobi a kasuwanni. Ran da ya fara tsayawa kallo, ya ji an rasa mai ɗaukar Baƙaƙe, don kowa jarumi yake son zama. Ya ajiye jakarsa ya ce shi ya ɗauka.

Shekara bakwai yana riƙe da su, kuma ya mayar da su abin da Malam bai taɓa zato ba. Ya ba su tsofaffi da dokoki da ranar da ba sa kunna wuta. Idan mayaƙan Lawal tela suka kutsa daji, Jinjiri ne yake gyara wa Malam zane: nan ba hanya ba ce, fadama ce, nan akwai tsamiya biyu, bayan wancan dutse akwai rijiyar da ba ta ƙafewa. Yana yaro ya yi kiwo a wuraren, ya san su kamar tsakar gidansu. Malam yana jin daɗi yana cika taswira.

Abu ɗaya suka daɗe suna ja a kansa, shi ne sunan. Jinjiri ya ce babu jama'ar da za ta tashi da safe ta kira kanta da zagin maƙwabta. Malam ya ce ai ya sani, na Turawan ma suna da nasu, shi ne ya manta. Jinjiri ya yi ta yi masa dariya, ya ce malami guda ya riƙe sunayen kogunan duniya amma ya yar da suna ɗaya da ke da amfani. Aka bar shafin sunan fari fat, ana cewa sai mako mai zuwa.

Ana cikin haka duniya ta juya. Aka fara da satar shanu, aka koma ɗaukar mutane, aka koma ƙone ƙauyuka da rana tsaka. Gonakin da ke yamma da Ruma suka koma ciyawa. Mata da yara suka cika makarantu da kangwaye a Batsari, da buhuna a ka. Kwanon dawa ya yi tsadar da tsofaffi ba su taɓa ji ba. Ƙauyawa da suka gaji da binne 'yan uwa suka ɗauki bindigogin gida suka zama 'yan sa-kai, suka kafa shingaye a hanyoyi. Daga nan kuma ba a cika tsayawa bambance Bafulatanin da ya sata da wanda aka sace wa ba. Su Jinjiri 'yan daji sun kore musu shanu talatin a yini ɗaya, amma da ya shigo kasuwa washegari sai ya ga mutanen da ya shekara yana yi wa tumakinsu allura suna kawar da kai.

Zaman dalbejiya ya yi ta raguwa, har wata ranar kasuwa aka wayi gari su biyu ne kawai, Malam da Jinjiri, Lawal yana cikin shago yana taka keke kamar bai gan su ba. Ba su watsa ɓawo ba ranar. Da Jinjiri zai tashi sai ya ce a ba shi littafin ya je gida da shi, ya sami sunan, yana so ya rubuta da hannunsa a natse. Malam ya miƙa masa. A makon ne aka rufe kasuwanni aka datse layukan waya, wanda ke gari ya zauna gari, wanda ke ruga ya zauna ruga.

Bayan wata biyu 'yar Jinjiri ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin jiƙo, ya ga ba makawa sai ya shigo gari neman magani. Wani mutum da ya san halin da ake ciki zai fito da aljihu wayam. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ba sa iya kwana da kayan aro, sai ya sa littafin a jaka don ya mayar wa mai shi. A wani ƙauye tsakanin Ruma da Batsari aka tare shi a shinge, aka zazzage jakar.

Da hantsi wani ɗan acaɓa ya zo makaranta ya kira Malam gefe. Ya ce an kama wani Bafulatani da taswirar daji da lissafin mayaƙa, yana ta cewa a kira Malam Armaya'u. Malam ya bar ajin ya fito. Ya biya shagon Lawal ya ce ya zo su je tare, mutum biyu sun fi ɗaya. Lawal bai ɗago daga ɗinki ba, ya ce ƙafarsa ta tashi tun jiya, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Shekara bakwai yana jarumi a ƙarƙashin bishiya, aka zo tafiyar rabin awa ƙafa ta tashi. Malam ya tsaya wurin mai gyaɗa ya cika aljihu da ɓawo, ya hau babur shi kaɗai.

Ya tarar da su a wata rumfa da a da ake sayar da tsire, mutum kusan talatin da bindigogi da adduna. Jinjiri yana zaune a ƙasa, hannu a ɗaure ta baya, leɓensa ya fashe. Shugabansu wani ne da ake kira Sada, daga wani ƙauye na kan iyakar Zamfara da aka ƙone sau biyu. Ba mahaukaci ba ne Sada, kuma ba mashayi ba. Manomi ne da ya binne matarsa da ubansa a rami ɗaya, tun daga nan bai sake yarda da kowa ba. Ya amsa gaisuwar Malam da ladabi, ya sa aka kawo masa benci, sannan ya buɗe littafin a shafin da ya daɗe fari, ya ce Malam ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Rubutun Jinjiri ne, manyan baƙaƙe masu karkata. Malam ya karanta:

"Mu ba Baƙaƙe ba ne. Mutanen gari ne suke ce mana haka. Sunanmu Tsoffin Gida, don mun riga kowa zama a dajin nan. Muna da mayaƙa ɗari uku a bayan dutse. Ba mu manta abin da aka yi mana ba. Ran da aka sake sare mana tsamiya za mu fito."

Sunan ya yi kyau, ya fi duk wanda Malam zai iya ƙagowa, kuma a nan ya fara jin sa, a gaban mutum talatin. Jinjiri ya bi doka sarai, bai ce su ba ko sau ɗaya.

Malam ya fara bayani. Ya ce wasa ne, aljanu ne, shi ya zana taswirar da hannunsa, ga sa hannunsa a bangon littafin. Ya ga ba su gane ba, sai ya sauka daga benci ya durƙusa a ƙasa, ya share wuri da tafin hannu, ya fito da ɓawon gyaɗa. Ya nuna musu yadda ake watsawa, idan uku suka kife an ci, idan ɗaya ne an faɗi. Ya yi muryar maharbi, ya yi muryar sarkin aljanu, gumi yana zuba cikin tabarau. Magidanci mai 'ya'ya biyar yana wasan ƙasa a gaban masu bindiga. Wani ya fara dariya, wasu suka kama, har wani saurayi ya ce ya tuna, malamin ajinsu ne, da ma haka yake. Malam ya ji daɗin dariyar nan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi masa, don ya ɗauka an gama.

Sada bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda, Malam mutumin kirki ne, kuma wasa wasa ne. Sannan ya ɗora yatsa a wani wuri a taswirar.

"Wagga rijiya ta bayan dutse, gaskiya akwai ta. Can sunka tsare ƙanena kwana arba'in. Malam, ka taɓa zuwa wurin?"

"Ban taɓa ba."

"To wa ya gaya maka?"

Amsoshi sun fi goma. Zai iya cewa wani maharbi ne da ya rasu, ai a lokacin matattun da za a jingina wa magana ba su da iyaka. Zai iya cewa a wani tsohon littafi ya gani. Duk sun zo masa daga baya, a kan hanyar komawa, ɗaya bayan ɗaya. A lokacin kuwa sai halin malanta ya riga shi: an yi tambaya, ya san amsa. Ya juya ya dubi Jinjiri. Da ya ga kowa ya bi idonsa sai ya yi saurin cewa ai yana yaro ne ya yi kiwo a can, shekara talatin da suka wuce, ya san kowane lungu. Yana faɗa yana jin yadda maganar take sauka.

Sada ya rufe littafin ya sa a hammata.

"Malam, kai namu ne, kuma an ci amanarka. Shekara bakwai shina sa ka kana zana masu hanya, kai kana cewa wasa. Je ka gida."

Malam ya yi rantsuwa, ya kama ƙafar Sada, ya ce a haɗa da shi tunda hannunsa ne. Mutum biyu suka ɗaga shi a hankali, irin ɗagawar da ake yi wa tsohon da ya faɗi, har ɗaya yana kakkaɓe masa riga. Da aka tayar da Jinjiri ya zo wucewa ta gabansa, ya dube shi babu alamar fushi.

"Ba komai, Malam."

Aka sa shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur, suka yi wajen rafi. Malam ya tsaya a bakin hanya yana saurare har ƙarar injin ta ɓace. Bai ji harbi ba, bai ji komai ba.

Ya shiga ofis uku a makon, kowanne aka rubuta sunansa aka ce ya dawo. Wasu suka ce an gama da Jinjiri a bakin rafi tun ranar. Wasu suka ce a'a, an miƙa wasu da aka kama a lokacin, suna tsare a wani gari mai nisa. Ba wanda ya ga gawa, ba wanda ya gan shi da rai. 'Yar da aka fito nema wa magani ta rasu bayan kwana huɗu. Malam ya ci gaba da zuwa makaranta don babu abin da zai ci idan bai je ba, amma ya daina zane. Da baki yake koyar da labarin ƙasa, yara suna hamma. Ya rame, ya daina zama majalisa, idan ya hangi shagon Lawal sai ya canza hanya. Baƙin ciki ne ya kama shi sosai, irin wanda ba ya sa kuka.

Bayan wata biyar liman ya aiko kiransa da safe. A zaure ya tarar da wani tsohon Bafulatani, da wata mata a bayansa ta ja mayafi har goshi. Asama'u ce, matar Jinjiri, da kawunta. Malam bai taɓa ganinta ba sai a bakin mijinta. Tsohon ya ce rugar ta watse, danginsu za su bar ƙasar gaba ɗaya kafin damina, kuma yarinyar nan ba a san matsayinta ba. Liman ya yi bayani: matar da mijinta ya ɓata sai ta jira shekaru, ba ta da miji ba ta kuma da takaba. Ita kuwa ta ce ba za ta bi kowa ba muddin yana iya dawowa ya tarar da kango, za ta zauna da 'ya'ya biyun da suka rage ko a gindin bishiya ne. Kowa a zauren ya san abin da zai sami mace Bafulatana ita kaɗai a bakin dajin nan. Liman ya ce a irin wannan zamani, idan aka sami adali ɗaya da ya gani da idonsa, shi zai ɗauki nauyin sauran a wuyansa. Kuma duk Batsari an san Malam Armaya'u ba ya ƙarya.

"Malam, ka ga gawarsa?"

Malam ya dubi ƙafafun matar, sun tsattsage da tafiya.

"Na gani."

Liman ya yi salati, tsohon ya sunkuyar da kai. Sai matar ta yi magana a karo na farko, a hankali, ba ta ambaci sunan mijin ba.

"Abokin naka, an yi mashi sutura?"

Ya ce an yi. Ta tambayi ko an yi masa salla, ya ce mutum goma sha ɗaya, shi ne a sahun gaba. Ta tambayi wurin, ya ce wani tudu ne da ruwa ba ya kwanciya, an fuskantar da shi alƙibla, an sa ƙaya a kai saboda dabbobi. Ya ce fuskarsa lafiya lau, kamar mai barci. Maganar tana fitowa sumul, ba gargada ko ɗaya, ya ji tsoron kansa. Asama'u ta yi kuka marar sauti, sannan ta share ido ta yi masa godiya. Ta ce Allah Ya saka masa da alheri, a duk garin shi kaɗai ya tsaya wa abokinsa da gaskiya. Ya ce amin.

Sun tafi kafin ruwan farko. Bayan shekara biyu wani mai fataucin shanu ya kawo labari cewa ta yi aure a can, har ta haihu. Malam yana nan a lungun bayan masu walda, har yanzu yana koyarwa. Lokaci lokaci ana jin an saki wasu da suka daɗe a tsare, sai ya je tasha ya tsaya daga nesa yana duba masu saukowa daga motar Katsina. Idan ya idar da salla yakan ɗaga hannu ya fara roƙon Allah Ya sa Jinjiri yana raye, sai ya tuna da abin da ya faɗa a zauren liman, ya daɗe hannunsa a sama bai san abin da zai roƙa ba.